Mai Wankin Hula a Agege

Rumfata tana bakin titin jirgi,
tsakanin Ebere mai gyaran janareto
da Iya Basira mai amala.
Shekara goma sha tara ke nan ina wankin hula,
na san kawunan unguwar nan fiye da wanzami.

Sallau ya soma zuwa tun yana saɓar nama a Abbatuwa.
Hularsa ɗaya tak, bakinta ya sha gumi,
lamba ashirin da biyu.
In wanke, in kifa ta a kan katako, rana ta yi nata aikin.
Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce saura sai Juma'a,
kuma Juma'a ba ta taɓa wucewa bai cika ba.

Sai ya ci kansila.
Da safe Sallau, da la'asar Honorabul.
Shekara ta zagayo, Alhaji ya hau gaba.
Dakta ta biyo baya, daga wata jami'a
da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarta.
Yarbawa suka rataya masa murjani, suka ce Otunba,
mutanen garinsu suka ji haushi,
suka aiko a zo a karɓi Garkuwan Talakawa.
Yanzu katin gayyata sai ya ci layi uku
kafin a iso wurin sunan da uwarsa ta sani.

An ce suna linzami ne.
To wannan doki, linzami biyar a baki,
wa zai ja shi zuwa bakin kwatarmu?

Kwatar da ya tsaya a kanta, hannu a ƙirji,
ya ce kafin damina.
Damina shida ke nan.
Ruwan bara ya shigo har gwiwa,
ya tafi da tukunyar Iya Basira da miyarta,
ya bar wa ɗan Ladidi zazzaɓin da ya kai shi maƙabarta.
Fastarsa muka yago daga jikin turken lantarki
muka toshe yoyon rufi da ita.
Ebere ya ɗaga kai, ya ga murmushin na tare ruwa,
ya ce yau dai Honorabul ya yi aiki.

A teburin mai shayi, in rediyo ta ce Mai Girma,
za ka ga hannuwa sun laluba aljihu.
Ba wanda ya koya mana.
Jiki magayi.

Direba ke kawo hulunan yanzu,
goma sha biyu a leda, sai ƙamshin turare.
Mutane na cewa kansa ya kumbura.
Ƙarya ne, na auna:
ashirin da biyu, ko tsinke bai ƙaru ba.
Abin da na rasa shi ne gumi.
Nakan juya cikin hula, in duba, in sake dubawa,
fes, kamar ba kan mutum ta kwana ba.
Me zan wanke?
Nakan tsoma ta dai, don a biya ni.

Jiya, da zaɓe ya matso, sai ga shi da kansa,
yana tsallake taɓo, yaro na riƙe masa gefen riga.
Na ce, Sallau, tsohuwar hularka tana nan,
wadda ka manta tun ranar rantsuwa.
Yaron ya zaro ido:
Honorabul Alhaji Dakta ake cewa!
Na ce, yi haƙuri ɗana, su ukun nan ban san su ba.
Mutum ɗaya na sani,
shi ma ya daɗe bai biyo ta nan ba.

Ya yi dariya, irin ta fasta.
Ya buɗe baki zai ce kafin damina,
jirgin ƙarfe biyar ya taho ya haɗiye maganar.
Na mayar da hular kan ƙusarta,
na jawo bokiti, na ɗauki buroshi.
Akwai ta Malam Tsalha mai gadi tana jira,
ita kam sai an dirza.